Wa muke bai wa kujerar gaba?

Wasiƙar Yakubu a Littafi Mai Tsarki, sura ta 2, ta kawo misalin da bai kamata ya wuce mu ba tare da mun tsaya mun dubi kanmu ba. Mutum biyu sun shigo wurin sujada, ɗaya da zoben zinariya da tufafi masu tsada, ɗaya kuma matalauci cikin tsummoki. Aka ce wa na farkon ya zauna a wuri mai kyau, aka ce wa na biyun ya tsaya can, ko ya zauna a ƙasa. Yakubu bai ɗauki wannan a matsayin ƙaramin kuskuren tarbar baƙi ba, domin a aya ta 9 ya kira nuna bambanci zunubi ƙarara.

Duk wanda ya saba zuwa sujada a garin Gombe ya san yadda abin yake, musamman ranar godiyar girbi ko ranar tara kuɗin gini. Da zarar mota mai sheƙi ta tsaya, mai ita ya fito cikin babbar riga ta shadda, sai ka ga masu tarbar baƙi sun ruga, wani ya karɓi Littafi Mai Tsarki daga hannunsa, wani ya yi masa jagora har gaba, ko da ana tsakiyar wa'azi. Tsohuwar da ta tako da ƙafa tun daga bayan gari, da ƙura a silifas ɗinta da kuɗin baikon da za ta bayar a majami'a ƙulle a bakin zane, ba mai tambayarta ko ta sami wurin zama. Ban ce girmama manya laifi ne ba, al'adarmu ce kuma Nassi ya yarda da ita. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa aljihu muke girmamawa, mu kira shi ladabi.

Ba mu ne farkon faɗawa cikin wannan tarko ba. A 1 Sama'ila 16, annabi Sama'ila da kansa, da aka aike shi gidan Yesse ya shafa wa sabon sarki mai, ya ga tsayin Eliyab ɗan Yesse da kyansa, ya yanke a ransa cewa wannan ne zaɓaɓɓe, sai Ubangiji ya tsai da shi, ya ce mutum yakan dubi abin da ke waje, amma shi zuciya yake dubawa. 'Ya'ya bakwai suka wuce, wanda za a shafa wa mai kuwa, wato Dawuda, yana daji da tumaki, ba a ma tuna a kira shi ba.

Amma akwai wani ɓangare da ya fi nauyi a wannan yanki namu, kuma ba kasafai ake son ambatonsa ba. Muna da 'yan'uwa Hausawa da Fulani da suka ba da gaskiya ga Almasihu, waɗansunsu sun rasa gado da dangi saboda haka. Idan irin wannan mutum ya iso ƙofar majami'a da jallabiyarsa, ko da gemu da karin harshen da ya bambanta da namu, nan da nan fuskoki sukan canza. A tsare shi da tambayoyi, a laluba shi sau biyu, a zaunar da shi inda za a sa masa ido. Na san dalilin tsoron, domin hare-haren da aka kai wa wuraren ibada a Arewa maso Gabas sun bar tabo a kusan kowace ikkilisiya, kuma ba zan ce a daina bincike a ƙofa ba. Sai dai idan za a bincika, a bincika kowa, har da mai babbar riga. Lokacin da na'urar bincike ta koma aiki a kan kama ɗaya kawai, mun bar tsaro mun shiga wariya, mutumin da danginsa suka kore shi kuma ya tarar mu ma ba mu karɓe shi ba.

Ikkilisiyar farko ta san wannan tsoro. Ayyukan Manzanni sura ta 9 ta nuna cewa da Shawulu ya zo Urushalima bayan tubarsa, almajirai duka sun ji tsoronsa, ba su yarda shi almajiri ba ne, kuma suna da hujja, gama ya tsananta musu. Barnaba ne ya ɗauke shi ya kai shi wurin manzanni, ya ba da labarin abin da ya faru a hanyar Dimashƙu. Bai rufe ido ya amince ba, ya san labarin mutumin kafin ya tsaya masa. Wannan aikin ne nake gani ya rage wa dattawanmu da Zumuntar Mata da matasa, daga Kaltungo da Billiri har cikin Gombe: a sami waɗanda za su zauna da baƙo bayan sujada, su san sunansa da inda yake kwana, su kai masa ziyara, sa'an nan su gabatar da shi ga jama'a da bakinsu.