Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Matan Sarkin Dahome

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na fita takaba, Hajiya uwar ɗakina ta je ta roƙi baffana ya bar ni in riƙa bin ta fatauci, tunda zaman ɗaki da marayu biyu ba ya ciyar da kowa. To, a 1988 na fara taka ƙasar Benin. Sana'ar Hajiya ƙafa biyu gare ta: ta tura albasar Galmi kudu a kamiyo, in ta karɓi kuɗinta ta juya su atamfa a Kwatano ta hauro da ita. Daga Dogon Dutsi muka bi Doso da Gaya, muka haye gadar Malanbil, sai Kandi, sai Faraku, inda muka shiga jirgin ƙasa. Wahalar hanya da ta 'yan duwan ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa bin hanyar nan ya sani.

Ba mu zarce Kwatano ba. A Bohikon muka sauka, don akwai wata 'yar kasuwa a Abome, tsohon babban birnin masarautar Dahome, da ta kwashi albasar Hajiya tun kakar bara ta yi lamo. Mai masaukinmu wani tsohon mahauci ne a zangon garin, kowa Baba yake ce masa. A can aka haife shi, Hausarsa ta sha ruwan kudu, Fon kuwa, yaren mutanen wurin, yana jin ta ciki da bai, shi ya sa Hajiya ba ta zuwa bin bashi sai da shi. Muka ɗauki taksi, tafiyar ba ta kai kilomita goma ba. Muka tarar matar ta fita, wai sai la'asar.

Baba ya ce maimakon zaman jira mu shiga mu ga fadar sarakunan Dahome. Hajiya ta ce ita ba ta bar garinsu don kallon gidan gumaka ba, ta shimfiɗa gyalenta a gindin mangwaro ta jawo carbi. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, in idonki na ƙaiƙayi je ki, amma kada ki taɓa komai, kada kuma ki ci komai."

Katangun jar ƙasa ne masu kauri, fili cikin fili, don kowane sarki in ya hau sai ya gina nasa sashe jikin na magabatansa. A jikin bango an fitar da siffofi da laka an shafa musu launi: ɓauna, zaki, kifi, jirgin ruwa, mutane da makamai. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne karagar Sarki Gezo, doguwar kujerar itace da aka ɗora a kan ƙoƙon kawunan mutum huɗu. Na yi salati na ja da baya. Mai zagayawa da baƙi ya yi dariya, ya nuna mini wasu tsofaffin bindigogin toka da adduna, ya yi magana. Baba ya juyo ya ce, "Ɗiyata, ya ce irin waɗannan mata ne suka riƙa ɗauka."

Ni 'yar Arewa ce ta ƙasar Nijar, labarin mace a fagen daga ba baƙona ba ne. Tun muna yara kakata ke ba mu labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar nan da ta bi ta yi ɓarna a Birnin Konni. Mun kuma san Amina ta Zazzau. Amma a labaranmu kullum mace ɗaya ce a gaba, maza a bayanta, kuma 'yar gidan sarauta ce ko mai riƙe da tsafin gari. A Dahome kuwa runduna ce sukutum, da kwamandojinta mata, da masu ganga mata, da tuta, da kayan sarki: riga marar hannu mai ratsin shuɗi da fari, gajeren wando, da hula. Agoje ake ce musu, wasu su ce Mino. Turawa ne suka laƙaba musu Amazon.

Shekarun da zan kawo nan ba daga kaina ba ne, ɗana da ke koyar da tarihi a lise shi ya zaunar mini da su daga baya. Mutanen Abome suna danganta asalin rundunar da mata maharban giwa, wasu kuma da Hangbe, tagwaiyar Sarki Akaba. Wanda ya mai da su soja na sosai shi ne Gezo, da ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, wanda kuma ya fid da Dahome daga biyan gaisuwa ga masarautar Oyo ta Yarabawa. Turawan da suka gan su a zamaninsa sun ƙiyasta sun kai 6,000, wajen kashi ɗaya cikin uku na mayaƙan ƙasar. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Ƙasa ce ƙarama mai yaƙi kowace shekara, maza sun ƙaranta, ga shi kuma ba a yarda namiji ya kwana cikin fada ba, dole masu tsaron sarki su zama mata.

Horonsu ba na wasa ba ne. Akan tara ƙaya a yi shinge da ita, a ce su haye ƙafa ba takalmi, su sauko jina-jina ba mai cewa wash. In za su fita ɗiban ruwa, baiwa ce ke gaba da ƙararrawa, duk namijin da ya ji sai ya kauce daga hanya ya juya fuska. Ana ba su taba da giya da bayin da ke yi musu hidima, manyansu kuma suna da baki a majalisar sarki. Sau biyu suka afka wa ganuwar Abeokuta, a 1851 da 1864, duk biyun Egbawa suka kore su da asara mai yawa, amma har abokan gaba sun shaida su ne suka fi matsa wa ganuwar.

Ina jin wannan sai kaina ya fara kumbura, na ce wa Baba ashe mata ma an yi. Bai tanka ba sai da muka fito muka zauna a kan wani dakali. Ya ce, "Ɗiyata, kin san da wa suka yi yaƙinsu na ƙarshe? Da kakana."

Ashe a 1891 Faransa ta kafa wata bataliya a bakin teku da ta kira ta sojan Hausa, kamar yadda Ingila ta yi a Legas tun 1863. Da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarabawa, ba su da gida sai bariki. Kakan Baba yana cikinsu. Su ne, da 'yan Sanagal da sojan haya Turawa, Kanar Dodds ya hauro da su ta kogin Weme a 1892 don ya karya Sarki Behanzin. Baba ya ce tsohon ba ya son zancen, sai in an matsa masa. Abin da yakan faɗa shi ne, matan sun fi mazan ban tsoro. Da jijjifi suke rarrafowa cikin ciyawa, kafin mai gadi ya ankara sun iso. Namiji in ya ga ba dama yakan juya, su kuwa sai dai a ɗauki gawa, wadda addarta ta faɗi ta kama ka da haƙori. Abin da ya ci su wuƙar bakin bindiga ce. Adda gajera ce, kafin mai ita ta kai ga mutum an riga an soke ta. A Adegon, ranar 6 ga Oktoba, sama da 400 daga cikinsu suka faɗi a yini guda. Ran 17 ga Nuwamba Dodds ya shiga Abome ya tarar Behanzin ya cinna wa fada wuta ya yi arewa. A 1894 ya miƙa kansa, aka kai shi tsibirin Martinik, ya ƙare a Aljeriya a 1906.

Na ce, "Baba, kakanka bai ji kunyar yaƙi da mata ba?" Ya ce ya ji, amma ya san abin da ke jiran wanda suka kama da rai: ko a sayar da shi a Wida, tashar bayi ta bakin teku, ko a sare kansa a bikin shekara na tunawa da sarakuna.

Nan ne zancen ya yi mini nauyi, kuma har yau ra'ayina bai sauya ba. Jarumtarsu ba ƙarya ba ce, wanda ya musa bai san tarihi ba. Amma yawancin yaƙinsu farautar mutane ne. Ƙauyukan Mahi da na Yarabawa suke faɗa wa da asuba, su ɗaure mata 'yan uwansu da yara. Ta wannan gaɓar teku aka fitar da Hausawa da dama zuwa Bahiya a Barazil, inda suka ƙulla shirin bore a 1807. Su kansu matan ba duka ne suka zaɓa ba. Wata kamo ta aka yi tana ƙarama, wata ubanta ko mijinta ya kai ta fada don ta fi ƙarfinsa. Da zarar ta shiga ta zama matar sarki a suna: ba aure, ba haihuwa, wadda aka kama da namiji tana iya rasa ranta. Ni da na baro yara biyu wajen innata, nonona bai daɗe da bushewa ba, wannan ya fi kashe mini jiki a kan zancen ƙaya. Ta ƙarshensu da aka sani, wata tsohuwa Nawi, ta rasu a 1979 tana da shekara sama da ɗari, shekara tara kacal kafin zuwana.

Kwanakin baya jikata ta turo mini hoto ta WhatsApp, tana tsaye gindin gunkin tagulla na Amazon da aka buɗe a Kwatano a Yulin 2022, mai tsawon mita 30, ta rubuta wai ga uwar mata. Na ce mata hoton ya yi kyau, in ta zo hutu akwai sauran labarin.

Da la'asar sakaliya mai bashin ta dawo. Doguwa, ƙaƙƙarfa, ta sauke kwandon da maza biyu za su yi nishi a kansa. Tana ganin Hajiya ta ɗora hannu a ƙugu ta fara zuba Fon, wai rabin albasar ruɓaɓɓiya ta iso. Baba na fassara yana rage gishiri. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da takardar da direban kamiyo ya sa wa hannu, ta ce a gaya mata ita ba ta da sauri, a ƙofar nan za ta kwana, gobe ma haka, kuma duk mai wucewa zai ji dalili. Kafin magariba matar ta ƙirgo kashi biyu cikin uku, sauran ta ce sai mun dawo. A taksi Hajiya ta ce mini, "Kin je kallon na bango, ga jikarsu nan da ranta."

Washegari muka kama hanyar Kwatano, kuɗin ɗaure a cikina ƙarƙashin zane biyu, don Hajiya ta ce ɓarawo uwar ɗaki yake sa wa ido, ba yarinyarta ba. Abin da ya same ni da kuɗin nan a kasuwar Dantokpa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.