Yadda na sayi akwatin wuta biyu don kwamfuta ɗaya

Har yanzu akwai akwatin wutar kwamfuta (na'urar da ke raba wa kayan cikinta lantarki) sabo fil a saman durowata, kuma duk lokacin da idona ya sauka a kansa sai na ji raina ya sosu, domin kuɗin da na zuba a kansa na ware su ne don ƙara wa kwamfutar ma'ajiyar bayanai, ga shi kuma bai taɓa yi mini aikin minti biyar ba.

Na shafe watanni ina tara kayan ɗaya bayan ɗaya: firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, madabod (babban faifan da ake ɗora sauran kayan a kai) mai B450, ram guda biyu na DDR4, da katin hoto na hannu, tunda wannan firosesar ba ta fitar da hoto da kanta. Haɗawar ba ta ba ni wahala ba. Na danna maɓalli bayan sallar isha'i, fankoki suka juya, fitilu suka kama, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin. A gefen madabod ɗin akwai ƙananan fitilu huɗu da aka rubuta wa CPU, DRAM, VGA da BOOT, kuma ta farkon ce ta kama ja ta ƙi mutuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga wannan fitila tun a daren farko, na kuma san abin da take nufi, amma na fassara ta yadda zuciyata ta so.

Na ce a raina wuta ce ba ta isa ga firosesar. Na cire wayar nan mai baki takwas na mayar, na tabbatar ban musanya ta da ta katin hoto ba, na sake danna babbar mai baki 24 har ta yi ƙara. Na gwada ram ɗaya a rami na biyu, na cire ɗan batirin madabod, CR2032, na jira na mayar. Har fankar firosesa na ɗaga, kuma saboda man da ke tsakaninsu ya riƙe, sai ta fizgo firosesar daga mazauninta. Na zauna da fitilar waya ina bin allurorinta layi-layi, hannuna na rawa, har na tabbatar babu wadda ta lanƙwashe. Duk wannan bai canza komai ba, sai na yanke wa akwatin wutar hukunci ba tare da shaida ba, alhali akwai abokin aikina da zai iya ara mini nasa na awa guda in gwada. Gaggawa ta hana ni tambayarsa. Washegari na sayi sabo, na kwance wayoyin da na ɓata sa'o'i ina shiryawa, na ɗaura sababbi, na danna maɓalli, jar fitilar nan ta sake kamawa a inda take.

A rana ta uku na ɗauki kwamfutar zuwa wurin wani dattijo mai gyara. Bai ko taɓa sukudireba ba, kwalin madabod ɗin ya nema, ya jujjuya shi, sannan ya ce: "Malam, wannan bod ɗin ya girmi firosesarka, bai san ta ba." Na ce: "Baba, ai soket ɗinsu ɗaya ne, AM4, kuma ta zauna daram." Ya yi murmushi ya nuna mini cewa babu takardar da ake mannawa a kwali don shaida cewa bod ɗin yana karɓar jerin Ryzen 5000.

Bayanin a fili yake. B450 ya fito ne a 2018, jerin Ryzen 5000 ya fara fitowa a Nuwamba 2020, ita kuma 5600 sai a Afrilu 2022. Bod ɗin da ya daɗe a kanti yana ɗauke da tsohon BIOS, wato manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta, wanda ba shi da bayanin sabuwar firosesa, don haka yakan tsaya cak tun kafin ya kai ga duba ram ko hoto. Kowane kamfani yana da jadawali a shafinsa da ke nuna lambar BIOS ɗin da kowace firosesa ke bukata. Karanta wannan jadawalin ba zai ɗauke ni minti biyu ba, kuma ba na biyan ko sisi.

Sa'ata ɗaya ita ce bod ɗina yana da ɗan maɓalli a baya da ke sabunta BIOS ko babu firosesar da ya sani. Da babu shi, da sai mun nemo tsohuwar Ryzen aro mun ɗora tukuna. Muka goge filashi zuwa tsarin FAT32, muka sauke fayil ɗin sabon BIOS, muka canza masa suna kamar yadda littafin bod ɗin ya ce, muka sa a ramin USB da aka keɓe. Dattijon ya ƙi yarda a fara sai da ya jona mu da inbatarsa, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, aikin na iya lalacewa, kuma dukanmu mun san halin wutarmu. Fitila ta yi ta ƙyaftawa na 'yan mintoci, ni kuwa ko motsi ban yi ba har ta tsaya.

Kafin mu kunna, ya ce in mayar da tsohon akwatin wutar da na zarga. Na mayar, na danna maɓalli, jar fitilar ta tsallaka daga CPU zuwa DRAM, ta wuce VGA, hoto ya bayyana. Tsohon akwatin ne ke aiki a kwamfutar da nake wannan rubutu da ita, sabon kuwa mai shagon ya ƙi karɓa saboda na riga na yage ledarsa.