Sa wa fankshin birki a PostgreSQL: inda na kai wannan makon

'Yan uwa masu koyo, wannan makon na ɗan ajiye RAISE NOTICE, umarnin da ke fito da saƙo yayin da fankshin ke aiki, na koma sa birki (breakpoint, wato inda fankshin zai tsaya a duba shi) a layukan fankshin ta pgAdmin 4, manhajar sarrafa PostgreSQL, a kan ƙaramin rumbun bayanan shago da nake gwaji da shi.

Sai an girka pldebugger tukuna, ƙarin da ke ba PostgreSQL damar sa birki. A fayil ɗin postgresql.conf a rubuta plugin_debugger a layin shared_preload_libraries, a kashe sabar a sake kunna ta, sannan a buga CREATE EXTENSION pldbgapi cikin rumbun. Sake loda saiti kawai ba ya isa.

Fankshin ɗin da ke lissafa kuɗin rasit ne ke dawo da fanko lokaci-lokaci. Na danna gefen layin da ke tara jimla, alamar birki ta fito, na riƙa takawa layi-layi idona na kan Local variables. Kaya na farko jimla ta hau, na biyu ta ƙaru, ana isowa buhun sukari sai ta koma NULL, wato babu ƙima, kuma ba ta farfaɗo ba har ƙarshe. Ashe ba a rubuta masa ragi ba, kuma duk lambar da ta gamu da NULL a lissafi, NULL take zama. COALESCE(ragi, 0), mai sa 0 idan ragi NULL ne, ya kashe maganar.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne Set Breakpoint. Da ɗayan zaɓin, Debug, kai ke ba da ƙimomi ka kira fankshin da kanka. Shi kuwa Set Breakpoint kwanton ɓauna yake yi, duk wanda ya fara kiran fankshin ɗin shi zai cafke, ko daga manhaja ne. Wanda aka cafke yana tsaye kuma aikinsa bai rufe ba, don haka layukan tebur da ya riga ya yi wa UPDATE suna kulle. Na gwada taɓa layi ɗaya daga wata taga, ta sandare, pg_stat_activity, mai nuna halin da kowane mai aiki a rumbun yake ciki, na nuna Lock, har sai da na saki birkin. Don Allah kada ku gwada shi a rumbun da mutane ke aiki a kai.

Masu SQL Server, tun SSMS 18 (manhajar sarrafa SQL Server) aka cire kayan sa birki, sai ku nufi Visual Studio, F9 ke sa birki a can.

Mako mai zuwa tiriga (trigger, aikin da ke tashi da kansa idan an taɓa tebur) zan kama. Ita ba a kiran ta kai tsaye, dole in sa birkin in yi INSERT daga wata taga in jira ta faɗo.