Kafin in miƙa makullin situdiyo

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, kuma tunda na'urar ajiyar da ke gidan Alhaji, mai situdiyon nan, za ta koma hannun ɗayanku, gara ku ji labarin ranar da ta mutu daga bakina, domin na san wanda kuka ji a shago.

Kun san akwatin. Tsohuwar kwamfuta ce da aka cika da fayafan ajiya huɗu, aka kai ta ɗakin baƙi a gidansa saboda can ne inbata take. Duk hotunan biki, da bidiyon kamu da walima, da ɗanyen aikin da ba a kai ga tacewa ba, a cikinta suke. Manhajar TrueNAS ke tafiyar da ita, wadda ake kira FreeNAS kafin a sauya mata suna a 2020. Sai dai manhajar ba ta kan fayafan nan huɗu. Tana kan wani ɗan filas da aka soka a bayan akwatin tun ranar da aka haɗa shi. Filas kuwa ba a yi shi don a riƙa rubutu a kansa dare da rana ba, su kansu masu manhajar sun daina ba da shawarar a tashe ta daga filas. Na sha gaya wa Alhaji a sayo ƙaramin SSD, wato faifan ajiya da ya fi filas jure rubutu, a mayar da manhajar kansa, in da hali ma guda biyu su riƙa riƙe wa juna. Amsarsa kullum ɗaya ce: “Kai dai kana son kashe kuɗi. Abin da ke aiki me za a taɓa a jikinsa?”

Ranar da abin ya faru an ɗauke wuta tun safe, batirin inbata ya sauka, da wuta ta dawo akwatin ya kunnu amma ya ce bai ga abin da zai tashi da shi ba. Ba a kira ni ba sai bayan isha'i. Ina shiga na tarar da ɗan wansa, wanda aka ce ya san kwamfuta, ya riga ya sauko da manhajar yana shirin sake girka ta. Shuɗin allon girkawa na buɗe, ga jerin fayafai: ada0, ada1, ada2, ada3. Filas ɗin ma ba ya cikin jerin, ya riga ya mutu. Yaron ya sa alama a kan ada0 da ada1, wai ya karanta an ce a girka a kan biyu ya fi. Tsarin fayafanmu RAIDZ1 ne, rashin faifai ɗaya kaɗai yake iya jurewa, mai girkawa kuma share duk faifan da aka zaɓa masa yake yi. Da ya danna, da aikin shekaru ya tafi a daren.

Na ce, “Ranka ya daɗe, don Allah a dakata, kada a taɓa komai.” Alhaji ya juyo a gaban yaransa ya ce ni na kashe masa na'ura, yanzu kuma na zo hana gyara. Ban tanka ba. Na kashe akwatin, na buɗe shi, na manna wa kowace waya ɗan salatif da lambarta, na zare fayafan huɗu daga jikin babban allon da ke cikin akwatin. Shi kuwa yana tsaye a kaina yana lissafa sunayen amaren da za su zo karɓar aikinsu.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne sanin yadda ZFS ke aiki, wato tsarin ajiyar da kamfanin Sun ya fitar a 2005, wanda TrueNAS ke amfani da shi. Bayanin rumbun, wato ma'ajiya ɗaya da fayafan huɗu suka haɗu suka zama, da yadda suka haɗu, a jikin fayafan kansu yake rubuce, kowane faifai na ɗauke da alamar har sau huɗu, biyu a farkonsa biyu a ƙarshensa. Mutuwar filas kamar ɓatan makulli ne, kayan suna nan a ɗaki. Washegari na je Titin Beirut na sayo SSD da kuɗin aljihuna, na girka manhajar a kansa shi kaɗai, sannan na mayar da fayafan. A shafin ajiya akwai zaɓi biyu kusa da juna, na ƙirƙirar sabon rumbu da na shigo da tsoho. Na farko share fayafai yake yi. Na zaɓi na biyu, sunan rumbunmu ya fito, manyan jakunkunan suka dawo kamar yadda aka bar su.

Saura saituttuka: sunayen masu shiga, da jakunkunan da aka raba wa kwamfutocin tacewa. TrueNAS na ajiye kwafin fayil ɗin saiti kowace rana a wani ɓangare na rumbun, can na tono na baya-bayan nan na ɗora. Wasu kalmomin sirri sai da na sake shigar da su, domin abin da ke buɗe su ya tafi da filas ɗin. Allah ya taimake mu rumbun ba a kulle yake da mabuɗin sirri ba. Da a kulle yake kuma ba a adana mabuɗin a wani wuri ba, da babu mai iya fito da ko hoto ɗaya. Na sa ZFS ya bi duk bayanan yana tantancewa, ya gama bai samu kuskure ba.

Abin da kuka ji a shago shi ne ɗan wan Alhaji ya ceto aiki. Kuɗin SSD ba a biya ni ba, aka ce ai sakacina ne ya jawo. Ba ni da wata shaida cewa na yi gargaɗi, duk da baki muka yi maganar, kuma wannan ya fi kuɗin yi min ciwo. Tun daga lokacin duk abin da na ga zai lalace a saƙon waya nake tura masa, ko ya amsa ko kar ya amsa. Ku ma ku yi haka.

Duk lokacin da kuka canja saiti, ku sauko da fayil ɗinsa tare da sirrinsa, wato abin da ke buɗe kalmomin sirrin da ke ciki, ku ajiye a wajen akwatin. Kada ku girka komai fayafan ajiya na haɗe. Aikin da ba a miƙa wa mai shi ba a samu kwafinsa a wani faifan daban, domin fayafan huɗu ɗaki ɗaya suke kwana, waya ɗaya ke ba su wuta.

SSD ɗin har yau guda ɗaya ne, na biyun bai samu ba. Faifai na uku kuma, ada2, ya fara nuna lalatattun gurabe a rahoton lafiyarsa, adadin yana ƙaruwa. Na tura wa Alhaji hoton rahoton, ya gani bai ce komai ba. Duk wanda ya karɓi makullin ya fara da wannan faifan.