Kwali, Fulawa da Ruwa: Abubuwan da Suka Riƙe Mini Yara a Gida

Duk mai ƙananan yara ya san lokacin nan: an yi barcin rana an tashi, aikin gida bai ƙare ba, dare kuma da saura, su kuwa sun fara kai-komo suna neman abin yi. In ba a ba su ba, za su nemo da kansu, kuma galibi rigima ce ko ɓarna. Yarana biyu ne, babbar shekararta biyar, ƙaninta uku. Miƙa musu waya ita ce hanya mafi sauƙi ta samun shiru, sai dai shirun waya bashi ne, da kuka ake biyansa in an zo karɓe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, kuma ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki. Wanda bai kai shekara 2 ba ma, ba a so a zaunar da shi gaban kallo. To sauran yinin dole a cika shi da wani abu, ni kuma ba ni da halin sayen sabon abin wasa duk lokacin da tsohon ya gundure su.

Abin da ya fi daɗewa a hannunsu babban kwali ne da aka kawo wasu kaya a ciki. Na sa wuƙa na yanka ƙofa ta gefe uku, na bar gefe ɗaya don ta riƙa buɗewa tana rufewa, na huda 'yar taga, na ajiye shi a tsakiyar ɗaki ban ce musu komai ba. Da farko gida ya zama, suka kwashi matashi da tsohon zane suka shige. Can sai na ji ƙaramin yana kwaikwayon ƙarar inji, ya riƙe murfin tukunya a matsayin sitiyari, yayarsa na zaune a baya tana ce masa ya rage gudu. Daga baya tagar nan ta koma wurin ciniki, ana miƙo mini manyan murafe ana cewa, "Umma, ga canjinki." Kwalin ya yi asibiti, ya yi jirgin ruwa, har ya lanƙwashe ya yage, suka shimfiɗa shi suka zana titi a kai. Motar batir da aka taɓa kawo musu kyauta kuwa, abu ɗaya ta iya: a danna, ta yi ƙara, ta tafi. Da suka ga iyakarta suka bar ta. Ban yi mamaki ba da na ji cewa gidan tarihin wasan yara da ke Rochester a jihar New York ta Amurka ya saka kwali cikin jerin fitattun kayan wasansa a 2005, ya ƙara da sanda a 2008.

Daga nan na fara auna kowane abin wasa da tambaya ɗaya: wa ke yin aikin, abin ko yaron? In abin ya riga ya gama komai, yaro ɗan kallo ne kawai. Wani ɗan Ingila mai suna Simon Nicholson ya yi rubutu a kan wannan a 1971, inda ya nuna cewa yawan ƙirƙirar da yara ke yi a wuri yana tafiya ne da yawan abubuwan da za su iya ɗauka, su juya, su haɗa, su warware yadda suka ga dama. Sai na ware roba ɗaya ina tara irin waɗannan: murafe manya, tsoffin safa, ƙyallaye, cokulan katako, maƙalan shanya, kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida, gwangwanaye marasa kaifin baki. Ban saya ko ɗaya ba.

Wanda ya fi ɗaukar hankalinsu a zaune shi ne kwaɓin fulawa. Kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, cokali ɗaya na man girki, sai ruwa kusan kofi ɗaya, ana zubawa kaɗan-kaɗan har ya daina manne wa hannu. In ya yi ruwa a ƙara fulawa, in yana tsagewa a jiƙa hannu a ci gaba da murzawa. Gishirin ne ke hana shi saurin lalacewa, don haka in an rufe shi ruf a roba yakan yi kwanaki, in kuma aka bar abin da aka ƙera a iska zai bushe ya yi tauri har a shafa masa launi. Amma gishirin nan da yawa ne, yaro ya ci da yawa zai cutu, shi ya sa ba na ba wanda har yanzu komai baki yake kaiwa. Kwaɓawar kanta rabin wasan ce. Babbar ke aunawa, ƙaramin ke zuba ruwa, kuma yadda gari ke komawa dunƙule a ƙarƙashin tafin hannunsu yana burge su kowane lokaci kamar ba su taɓa gani ba.

A wurin kwaɓin nan na fahimci wani abu da ya canza yadda nake zama da su. In babba ya ƙera tsuntsu mai kyau ya ajiye a gabansu, yaro yakan dubi nasa, ya dubi na babba, ya ture nasa ya ce, "Ki yi mini irin naki." Wasa ya ƙare ke nan, ya koma jiran a yi masa. Don haka nakan tsaya a murza doguwar igiya ko mulmula ƙwallo, abin da su ma za su iya. Haka kuma ba na tambaya, "Mene ne wannan?" domin tambayar tana nuna masa abin bai yi kama da komai ba. Nakan ce, "Ba ni labarinsa." Wata rana ƙaramin ya kawo mini wani dunƙule da ya tsira wa tsinke huɗu, duk a gefe ɗaya. Ya ce doki ne da ya gaji ya kwanta, shi ya sa ƙafafunsa suke can. Da na gyara masa ƙafafun, da ban ji wannan ba.

Akwai kuma garin sitacin masara: awo biyu na gari, awo ɗaya na ruwa, a faranti mai faɗi. In ka buga shi da ƙarfi sai ka ji tauri, in ka damƙe shi ya dunƙule, kana buɗe hannu ya narke ya zuba ta tsakanin yatsu. Dalili shi ne garin ba ya narkewa a ruwa, yawo kawai yake a ciki, matsi na gaggawa kuma yana sa ƙwayoyinsa su cushe da juna. Babbar ta daɗe tana gwada ta yaudare shi, tana sa yatsa a hankali sannan ta fizge. In an gama a bari ya bushe a zuba a shara, domin yana toshe magudanar ruwa. Wanda ya fi duka arha kuwa kofin ruwa ne da tsohon buroshi: su yi zane a bango ko a daɓen siminti, rana ta shanye, su sake. Da dare tocila da hannu sun isa a yi zomo da kare a jikin bango, tsohuwar safa kuma in an zura hannu ta samu baki ta fara magana.

Ba na fito da komai a lokaci guda. Masu bincike a Jami'ar Toledo ta Amurka sun wallafa a 2018 abin da suka gani a yara 36 'yan wata 18 zuwa 30: in aka ba yaro kayan wasa 4 yakan daɗe a kan kowanne, ya juya shi ta hanyoyi da yawa, fiye da in aka zube masa 16. Abin da nake gani ke nan a ɗakina. Nakan raba kayan, in ɓoye mafi yawansu a saman kabad, bayan an kwana biyu in musanya. Abin da suka manta da shi yakan dawo musu sabo.

Maganar da ba na wasa da ita ita ce hatsari, domin kayan da ba a saya ba babu gargaɗi a jikinsu, ido ne kawai gargaɗin. Ma'aunin da ake gwada kayan wasan 'yan ƙasa da shekara 3 da shi a Amurka bututu ne mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya zai iya shaƙe yaro. A gida kwalin takardar bayan gida ya ɗan fi shi faɗi, don haka abin da ya wuce ta cikinsa ba na barinsa kusa da ƙarami. Maɓalli, dutsen ado, ƙananan murafe, duk sai lokacin da babbar ke wasa ita kaɗai. Balan-balan da ta fashe nakan tsince guntayenta nan take, leda kuma ba abin wasa ba ce. Batirin nan mai kama da kwabo yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu in an haɗiye shi, ƙananan maganaɗisu kuma in biyu suka shiga ciki suna iya manne hanji. Ruwa ma, ɗan kaɗan a bokiti ya isa ya halaka ƙaramin yaro ba tare da an ji ko motsi ba. In ana wasan ruwa ina wurin, in an gama in kife bokitin.

Datti kam za a yi shi. Nakan shimfiɗa tsohon zanin gado, in an gama a naɗe a kakkaɓe. Sharewar ma nakan bar musu, da ɗan tsumma da ƙaramar tsintsiya. Tun a 1907, a makarantar da Maria Montessori ta buɗe a birnin Rum, shara da goge tebur da zuba ruwa daga wannan kofi zuwa wancan suna cikin ayyukan yara, kuma nawa ma suna ɗaukar haɗa safa da 'yar'uwarta ko wanke cokula a matsayin babban matsayi.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne tazarar shekarunsu. Ita tana son ta gina, shi kuma a shekarunsa rushewa ce ke ba shi daɗi, ba don mugunta ba, yana son ya ga abin da zai faru ne in ya ture. Faɗa ba ya hana shi, don haka na raba musu wuri. Ita nakan ɗora ta a tebur inda hannunsa ba ya kaiwa, shi kuma in jera masa gwangwanaye a ƙasa in ba shi safa da aka dunƙule ya jefa. Nakan zauna da su na 'yan mintoci har wasan ya kankama, sannan in zame in koma aikina inda nake hango su. In ta gama gininta ta nuna mini, da kanta takan sauko da shi ƙasa ta kira ƙaninta ya zo ya rushe, su sake jerawa tare.