Abin da Hunturun Oulu Ya Koya Mini Game da Hawan Keke

Na sauka a birnin Oulu na ƙasar Finland a ƙarshen watan Agusta domin karatu, kuma tun a makon farko na sayi tsohon keke a hannun wani ɗalibi da ya kammala, saboda tsakanin ɗakin da na kama a unguwar Tuira da harabar jami'a a Linnanmaa tafiyar 'yan kilomitoci ce kawai, ga kuɗin bas yana cin aljihu. Ban ɗauki hawan keke a matsayin abin da wani zai koya mini ba, domin tun ina yaro a Zariya nake kai niƙa da shi. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne cewa garin yana can ƙuryar arewa, inda a tsakiyar Disamba rana ba ta cika awa huɗu a sama, kuma dusar ƙanƙara takan shafe kusan wata biyar a ƙasa.

Mutanen Oulu ba sa jingine kekunansu don sanyi ya shigo. Na ga yara 'yan firamare suna tafiya makaranta a kan keke alhali ma'aunin zafi yana nuna digiri 20 ƙasa da sifili. Garin yana da hanyoyin keke da na ƙafa da tsawonsu ya haura kilomita 900, kuma motocin share hanya sukan bi manyan cikinsu tun kafin gari ya waye, su bar dusar da ta danne ta yi tauri a maimakon su kankare ta har kwalta. A nan aka fara gudanar da taron duniya kan hawan keke a lokacin hunturu, a shekarar 2013. Ganin haka ya sa na ce a raina, abin da yaro ɗan shekara bakwai yake yi ba zai gagare ni ba.

A watan Nuwamba na sha ƙasa. Ranar da ta gabata an ɗan sami sassauci har aka yi yayyafi, da dare kuma sanyi ya dawo, ruwan ya daskare a kan hanya kamar an shimfiɗa gilashi. Ina gangarawa zuwa ɗaya daga cikin hanyoyin da ke bi ta ƙarƙashin titi, sai na ga kwanar ta matso da sauri, na damƙe birkin gaba kamar yadda hannuna ya saba. Ban san lokacin da keken ya fice daga ƙarƙashina ba. Na dai tsinci kaina a kwance a kan kafaɗar hagu, hular kwanona ta bugi ƙasa, tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai. Wata tsohuwa da ke tafe a bayana ta tsayar da nata keken cak a kan wannan santsin, ta tambaye ni ko na ji ciwo, sannan ta nuna tayata ta furta kalma ɗaya, “nastat”, wato ƙusoshi.

Washegari na je wurin mai gyaran keke, ya nuna mini tayar hunturu wadda aka dasa wa ƙananan ƙusoshin ƙarfe layi-layi. Kuɗina bai kai na biyu ba, sai ya ce in sa guda ɗayan a gaba, domin idan tayar baya ta zame mutum yakan sami damar sa ƙafa ya tsaya, amma idan ta gaba ce ta tafi, babu shawara sai faɗuwa. Ya ce in fara yin kamar kilomita 40 a hankali a kan busasshiyar kwalta don ƙusoshin su zauna daram, ya rage wa tayoyin iska don su ƙara kama ƙasa, ya kuma sauke sirdin kaɗan yadda tafin ƙafata zai riƙa isa ƙasa. A kan kwalta tayar tana ƙara kamar ana suyar ƙosai, kuma daga baya wannan ƙarar ta zame mini ma'auni, domin da zarar ta ɗauke na san na hau ƙanƙara ko dusa. Da kuɗin wata ya shigo na sayi ta bayan.

Babban abin da na fahimta, wanda ya saɓa wa tunanina na farko, shi ne cewa tsananin sanyi ba shi ne haɗarin ba. A digiri 15 ƙasa da sifili dusar da ta danne tana riƙe taya sosai, har ta fi wasu hanyoyinmu na birji daɗin bi. Ranakun da ake tsoro su ne waɗanda ma'aunin yake kai-komo a kusa da sifili, a narke da rana a daskare da dare, musamman idan sabuwar dusa ta sauko ta lulluɓe santsin. 'Yan ƙasar suna kiran irin wannan rana “pääkallokeli”, ma'ana yanayin ƙoƙon kai, kuma hukumar hasashen yanayinsu takan fitar da gargaɗin santsi ga masu tafiya a ƙafa, wanda na koma dubawa kowace safiya kafin in fita. A irin waɗannan ranakun nakan rage gudu tun kafin in isa kwana, da birkin baya kuma a hankali, in shiga kwanar keken yana tsaye ba tare da na kwantar da shi ba. Sawun tayoyi da na takalma da suka daskare sun fi komai sharri, domin sukan kama taya su ja ta inda suka ga dama. Dusa mai taushi kuwa ba ta ba ni wahala ba, saboda tamkar yashi take: a sassauta riƙon kan keke, a sa giya mai sauƙi, a ci gaba da taka feda ba tsayawa.

Sanyin kansa ya zo da nasa darussan. Da farko nakan jibga kaya har in yi gumi, in isa aji rigar ciki ta jiƙe ina rawar ɗari, sai na koma fita da kayan da zan ɗan ji sanyi a mintuna biyar na farko. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri ɗaya ta fi mai rarraba su ɗumi nesa ba kusa ba. Wata rana, don tausayin keken, na kwana da shi a ɗaki mai ɗumi, dusar da ke jikinsa ta narke ta shige wayar birki, ina fita da safe ta daskare, birkin ya ƙi motsi. Tun daga ranar a rumfar waje yake kwana. Fitila kuwa dole ce, domin tun watan Yunin 2020 dokar ƙasar ta wajabta jar fitila a bayan keke idan duhu ya yi, ƙari a kan farar ta gaba, kuma sanyi yana shanye batir da wuri, don haka kullum da na ajiya a aljihun cikin rigata.

Faɗuwata ta biyu ta zo a watan Fabrairu, kuma a tsaye nake. Na ja birki a gaban danja, keken ya tsaya lafiya lau saboda ƙusoshinsa, na sauke ƙafa da gadara na manta cewa takalmina ba shi da ko ɗaya, sai ga ni zaune a ƙasa keken a kan cinyata. A watan Afrilu ƙanƙarar ta narke ta bar tsakuwar da aka yi ta barbaɗawa duk tsawon hunturu, ita ma tana zamar da taya a kwana har sai da motoci suka share ta. A lokacin ne na cire tayoyin biyu, na ƙirga ƙusoshin na tarar uku sun ɓace a ta baya, na rataye su a bayan ƙofa.