Ƙodar da na zo da ita Mancesta

Cikin watan Nuwamba na sauka Mancesta, shekara uku bayan dashen ƙoda da aka yi min a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙanwata ce ta ba ni ƙodar. Matata ta samu aikin jinya a Ingila, ni kuma na biyo bayanta da yara biyu da ledar magunguna. Tsorona a lokacin guda ɗaya ne, kada jikina ya ƙi ƙodar yarinyar nan.

Bayan na yi rajista da likitan unguwa, ya tura ni sashen masu ƙoda. Likitar da na gani ta duba sakamakon jinina ta ce ƙoda lafiya lau take. Na yi hamdala har na fara tattara takarduna. Sai ta ce in zauna, akwai sauran magana. Awon hawan jinina ya kai 150 bisa 95, sukari ya fara hawa, kitsen cikin jini ma haka, ga kilo bakwai da na ƙara cikin wata huɗu.

Ranar na fara jin abin da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Ciwon zuciya da toshewar jijiyoyin jini suna kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu dashen ƙoda, alhali ƙodar na aikinta. Ta ce ɓarnar tun kafin dashe take farawa. Shekarun da mutum ya yi yana fama da ciwon ƙoda da wankin jini suna sandarar da jijiyoyi, su kaurara naman zuciya. Sannan magungunan da ke tsare ƙodar su ma da nasu. Takrolimas da nake sha safe da dare yana iya tayar da hawan jini ya jawo ciwon sukari. Firednisolon yana buɗe ciki, ya tara ƙiba, ya ƙara sukarin. Kuma barin su ba ya cikin lissafi, don ranar da ka bari, ƙodar ka sa a haɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne rayuwar nan ɗin kanta tana taya ciwon. A Kano ko ban yi niyya ba sai na taka, daga gida zuwa masallaci, zuwa kasuwa, zuwa gaisuwar mutuwa. A nan cikin Disamba kafin ƙarfe 4 an yi magariba, ga ruwa ga iska, sai mutum ya naɗe a ɗaki. Aikin dare nake yi a wani sito, abin da ke kusa kuma mai araha shi ne soyayyar kaza da dankali da burodi, duk gishiri ne. Kewar gida kuwa da kilishi nake kashe ta, duk wanda zai taho sai na roƙa ya riƙo min.

Mai ba da shawara kan abinci ta ce gishirin yini guda kada ya wuce giram 6, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Nan aka yi ta a kicin ɗinmu. Miyar kuka ba magi, yara suka ture kwano. Daddawa ce ta cece mu, da citta da tafarnuwa da masoro. Na taɓa sayo gishirin nan da ake tallarsa wai na masu hawan jini, matata ta karanta jikin robar ta mayar da shi, don sinadarin fotasiyam ne a ciki, takrolimas kuma dama yana tara shi a jini. Garehul, wani babban lemo mai ɗaci-ɗaci, shi ma an hana ni, yana sa maganin ya yi yawa a jiki. An ƙara min maganin rage kitsen jini, na sayi na'urar awon jini ina rubuta lamba kullum a littafi.

Tafiya kuwa, masallaci na mayar da shi ma'auni. Minti ashirin ne a ƙafa daga gidanmu. Na daina hawa bas, ina zura rigar sanyi biyu in tafi azahar in dawo. Daga baya na roƙi a mayar da ni aikin rana, duk da kuɗin dare ya fi.

Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanwata ta kira. Kamar kullum ta ce, "Yaya, ya amanata?"

Na ce tana nan lafiya. Sai na buɗe littafin na karanta mata awon safiyar, 128 bisa 80. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni mene ne haɗin wannan da ƙoda. Na gyara zama na fara yi mata bayani tun daga farko, don mai ƙoda ɗaya ita ma ya kamata ta riƙa auna nata.